Yadda uwa za ta bi haƙƙin ciyar da 'ya'yanta idan ubansu ya ƙi biya

A da yawa daga gidajen da aure ya mutu aka bar 'ya'ya a hannun uwa, uba yakan aiko da wani abu a wata na farko da na biyu, sannan aike ya fara ja da baya har ya koma sai da salla, daga nan kuma ko an kira waya ba ya ɗauka. Uwar takan yi shiru saboda kunya ko saboda manya sun ce ta yi haƙuri, tana lissafi a ranta cewa duk ranar da ta kai ƙara alƙali zai sa a biya ta abin da ta kashe tun daga farko. Wannan lissafi yana cutar mata da yawa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewacin Najeriya suke hukunci da ita, ciyarwar ɗa da lokacinta ya wuce tana faɗuwa daga kan uba ko da mai hali ne, sai fa idan alƙali ya riga ya yanka masa ita, ko kuwa wanda ya ciyar ya yi da niyyar a mayar masa, ba don kyauta ba. Saboda haka duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce: a mayar da alkawarin baki ya zama bashi rubutacce, mai adadi da rana, wanda kotu za ta iya karɓowa da ƙarfin doka.

Mataki na farko: ki san iyakar haƙƙin da kike nema

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifar wa ɗa, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta ce mawadaci ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Daga nan ne alƙali yake auna abu biyu, wato buƙatar yaro da ƙarfin uba. A Malikiyya uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana iya nema, idan kuwa ya balaga da wata lalura da ta hana shi nema, ciyarwa tana ci gaba. 'Ya mace kuma tana kansa har ta yi aure ta tare. Uwa ba a ɗora mata ciyar da 'ya'ya ko da tana da albashi ko sana'a, don haka maganar "ai tana aiki" ba ta sauke masa nauyi. Abin da ake nema ya haɗa da abinci, sutura, magani, kuɗin makaranta da kason yaro a kuɗin haya, sannan matar da aka rabu da ita rabuwar da mijin ba shi da ikon mayar da ita tana iya neman ladan shayarwa, mai ciki kuma ana ciyar da ita har ta haihu.

Riƙon yara abu ne dabam da ciyarwa, kuma a nan ake yawan tsorata mata. Uwa ce ta fi cancanta da riƙo bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan ta yi wani auren da wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo ɓangaren uba, kuma ko a hannun wa yaron yake, ubansa ne mai ciyarwa. Akwai dai abin da ya kamata ki duba tun yanzu: idan ta hanyar hul'i kuka rabu, ki nemo takardar ki karanta sharuɗɗanta, domin wasu matan sukan amince da ɗaukar nauyin shayarwa ko ciyarwar wani lokaci a madadin mayar da sadaki, sannan su manta sun yi hakan.

Mataki na biyu: tara hujja kafin ki ɗaga murya

Ki tanadi takardar saki, shaidar ɗaurin aure idan akwai, da takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko katin asibitin da aka haife shi. Sannan ki sayi ƙaramin littafi ki keɓe shi ga yaran kaɗai. A kowane shafi a rubuta kwanan wata, abin da aka saya da kuɗinsa, misali kwano biyu na masara, sabulu da omo, kuɗin zango na makarantar boko, kuɗin Laraba na Islamiyya, allurar zazzaɓi a kemis. A liƙa rasit a bayan shafin idan an samu. A ɗaya gefen kuma a rubuta duk abin da uban ya aiko, komai ƙanƙantarsa, har da kayan salla da buhun hatsin da ƙaninsa ya kawo. Matar da ta ɓoye abin da aka aiko mata, ranar da aka fito da alat ɗin banki a gaban alƙali sauran maganarta ma ta yi rauni. Saƙonnin waya da na WhatsApp da ya yi alkawari a ciki ko ya ce ba zai bayar ba, kada ki goge su.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne shaida a kan niyya. Ki kira mutum biyu masu mutunci, zai fi kyau a ce ba iyayenki ba ne, kamar limamin unguwa da wani maƙwabci dattijo, ki faɗa a gabansu cewa daga yau duk abin da kike kashewa a kan yaran nan, ko abin da mahaifinki yake kashewa, ba kyauta ba ne, za ku nemi ubansu ya biya. A rubuta wannan da kwanan wata su sa hannu. Mutane suna ganin abin kamar rashin kara, amma wannan takarda ce za ta iya ceto miki watannin da suka gabaci hukunci. Daga nan sai ki tattara abin da kika sani game da samunsa: inda yake aiki, lambar shagonsa a kasuwa, babur ko adaidaita sahun da yake bayarwa haya, gonarsa, gidan da yake karɓar kuɗin hayarsa. Ki tsaya kan abin da za a iya nunawa, ki bar jita-jita.

Mataki na uku: sulhu, amma rubutacce

Kusan kowane alƙali zai tambaya ko an zauna da magabata, don haka a fara da waliyyinki da nasa, idan abin ya faskara a je wurin mai unguwa ko dagaci. A Kano akwai Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi kuma sasanta irin wannan rikici yana cikin aikinta na kullum. Wasu jihohin ma suna da tasu Hisbar, sannan akwai ofishin walwalar jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar mata. Duk waɗannan suna iya gayyatar uba su yi masa nasiha su rubuta yarjejeniya, sai dai ba kotu ba ne, ba su da ikon taɓa dukiyarsa. Amfanin zamansu shi ne takardar da za ki fito da ita. Ki tabbata an rubuta adadin kuɗi, ranar biya a kowane wata, asusun da za a tura, wanda zai biya makaranta da asibiti, da sa hannun shaidu, kuma ki karɓi kwafinki a ranar. Idan aka ce kawai "zai riƙa yin bakin ƙoƙarinsa", to ba a yi komai ba. A ganina zama ɗaya ko biyu ya isa. Uban da ya saɓa yarjejeniyar da ya sa wa hannu a gaban limami, zama na uku ba zai canza shi ba, watanni kawai za su ƙara wucewa.

Mataki na huɗu: zaɓen kotu da shigar da ƙara

Idan auren Musulunci ne, Kotun Shari'a ta yankin da uban yake zaune ko inda aka yi zaman auren ita ce wurin zuwa, a Abuja da wasu jihohin kuma kotunan yanki ne suke wannan aikin. Wanda ya yi auren rajista a ƙarƙashin dokar gwamnati, Babbar Kotun Jiha zai nufa, inda sashe na 70 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya ba da ikon yanka kuɗin kula da yara, galibi har su kai shekara 21. Akwai kuma dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 wadda ta tanadi kotun iyali, jihohi sun yi nasu samfurin, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Ba dole ne ki ɗauki lauya a Kotun Shari'a ba, kina iya tsayawa da kanki ko ki wakilta mahaifinki ko yayanki. Idan kina son lauya kuma babu hali, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a jihohi, haka ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan koke.

A ofishin rajistara za ki faɗi sunanki da nasa, cikakken kwatancen inda za a same shi, da abin da kike nema. Za ki biya kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, ki karɓi rasit na kowanne, ki rubuta lambar ƙarar da ranar zama a littafin nan naki. Shari'o'i da yawa a wurin sammaci suke maƙalewa, domin uba ya canza gida ko an ce ya yi tafiya. Ki haɗa ma'aikacin kotu da wani namiji daga danginki wanda ya san fuskarsa da lokacin da yake shago. Idan ya ci gaba da ɓuya, ki roƙi alƙali ya ba da izinin a bi ta hannun mai unguwarsu ko a liƙa takardar a ƙofar gidansa.

Mataki na biyar: tsayuwa gaban alƙali

Da'awa tana son taƙaitawa da adadi. Misalin yadda za ki faɗa: "Allah Ya gafarta Malam, ina ƙarar tsohon mijina, mun haifi 'ya'ya uku suna hannuna tun da ya sake ni a watan kaza, rabon da ya kawo ciyarwarsu tun watan kaza. Ina roƙon kotu ta yanka masa naira kaza duk wata, ta ɗora masa kuɗin makaranta da magani, ta kuma sa ya biya naira kaza da na kashe da niyyar ya mayar mini, ina da shaidu." Labarin kishiya da zagin uwar miji da abin da ya faru daren saki ki bar su a gida, ba su ake shari'a a kai ba, kuma suna ba shi damar karkatar da zance. Ki roƙi kotu tun a zaman farko ta sa ya fara ba da wani abu na wucin gadi kafin a gama, tunda cikin yaro ba ya jiran ɗage zama.

Idan ya yi iƙirari, magana ta ƙare sai yanka adadi. Idan ya musa, ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma a sha'anin dukiya Malikiyya tana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Kariyar da iyaye maza suka fi kawowa sananniya ce, gara ki shirya mata. Wani zai ce a ba shi 'ya'yansa ya ciyar da su a gidansa. Amsa ita ce mai riƙo ita take karɓar ciyarwa, malaman mazhaba sun bayyana cewa uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo yara su ci a wurinsa su koma, kuma idan yana ganin ba ki cancanci riƙo ba sai ya shigar da tasa ƙarar ya kawo hujja. Wani zai ce ba shi da hali. Gaskiya ne Shari'a ba ta matsa wa matalauci, amma talauci ba da baki ake tabbatar da shi ba, sai da shaidun da suka san halinsa da rantsuwa, kuma a nan ne bayanin shago da gona da sabon auren da ya yi da lefe akwati-akwati zai yi aiki. Wani kuma, don ya ɓata miki rai, zai ce yaron ba nasa ba ne. Ɗan da aka haifa a cikin aure bayan wata shida da tarewa na mai shimfiɗa ne, wato mijin, ba a kore shi sai ta hanyar li'ani, wato rantsuwar tsinuwa da miji da mata suke yi a gaban alƙali, kuma wanda ya yanka ragon suna ya yi shekaru ana kiran yaro da sunansa ba a sauraron wannan magana daga gare shi. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowa ko yana da sauran magana. Idan akwai rasit ko shaidar da ba ki gabatar ba, lokacin ke nan, kada kunya ta sa ki ce babu.

Mataki na shida: yadda za a rubuta hukuncin

Wannan wurin ake raina shi, alhali shi ne yake raba hukuncin da za a iya zartarwa da wanda zai zauna a fayil. Ki roƙi a ambaci adadin kowane wata da ranar biya, a ware kuɗin makaranta da na asibiti dabam, a faɗi jimillar bashin baya da yadda za a biya shi, a kuma ce biya zai riƙa bi ta asusun banki ko ta hannun rajistaran kotu da rasit. Kuɗin da ake bai wa yaro a hannu ya kawo, ko a aiko ɗan acaɓa da shi, shi ne yake haifar da "na bayar" da "ban gani ba". Idan uban manomi ne, ana iya yanka masa hatsi da kaka tare da kuɗin cefane, kuma wannan yakan fi amfani a lokacin da farashi yake hawa. Bayan an karanta hukunci ki nemi kwafinsa mai hatimin kotu, ki yi hoto biyu ko uku, ki ajiye asalin a wurin da ruwa da gara ba za su kai ba.

Mataki na bakwai: idan ya ƙi bin hukunci

Kotu ba ta bin sawun hukuncinta da kanta, sai mai haƙƙi ta dawo. Da zarar wata ɗaya ya wuce bai biya ba, ki koma wurin rajistara da kwafin hukunci da takardar bayanan asusunki daga banki, ki nemi a zartar. Ba sabuwar ƙara za ki shigar ba. Za a sake kiransa ya faɗi dalilin da ya hana shi biya, idan ya ƙi zuwa kotu tana iya sa a kamo shi. Daga nan hanyoyin sun danganta da irin samunsa. Ma'aikaci mai albashi ya fi sauƙi, domin kina iya roƙon umarnin da za a kai wa wurin aikinsa a riƙa cire kason yara kafin kuɗi ya shiga hannunsa, kuma dokar 1970 ta tanadi wannan a fili ga masu auren rajista. Mai kuɗi a banki ana iya neman umarnin da zai sa bankin ya riƙe abin da ake binsa ya miƙa wa kotu, a nan kuwa lauya yana da amfani ƙwarai saboda ƙa'idojin takardu. Ɗan kasuwa ko mai abin hawa ana iya kama kayansa a yi gwanjonsu a biya bashin, ana bar masa suturarsa da abin da ba zai rayu ba sai da shi. Ki tabbata kayan da kika nuna nasa ne, domin idan na amaryarsa ne ko na ubangidansa, za su shigo da tasu da'awar a ɓata watanni.

Tsarewa ita ce ta ƙarshe. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma malaman Malikiyya sun halatta tsare mai hali da ya taurare har ya biya, yayin da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. A Abuja, sashe na 16 na dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ya mayar da watsi da mata ko 'ya'ya ba tare da abin rayuwa ba laifi, mai hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba ko duka biyun, jihohi da dama kuma sun karɓi dokar. Sai dai a yi lissafi da kyau: birkila ko direban da aka kulle ba ya samun ko sisi a gidan gyaran hali. Sau da yawa ranar da danginsa suka ga da gaske za a wuce da shi, a ranar ake fito da kuɗin, don haka abin da ya fi shi ne a karɓi wani kaso nan take, a sa wani mai mutunci daga danginsa ya tsaya masa a rubuce a kan sauran. Kada ki kai maganar ofishin 'yan sanda da fatan su karɓo miki kuɗi ba tare da umarnin kotu ba, kuma kada ki hana shi ganin 'ya'yansa don ramuwa, domin wannan yana ba shi makamin da zai nemi a karɓe riƙo.

Idan uban ya bar gari ko ya tafi ƙasar waje neman kuɗi, Malikiyya ta yarda a yi hukunci a kan wanda ba ya nan, a yanka ciyarwa daga dukiyar da ya bari, kamar kuɗin hayar gida ko amfanin gona ko abin da yake hannun wakilinsa, bayan kin rantse cewa bai bar muku komai ba kuma bai aiko ba. Idan ya rasu, ciyarwar gaba ta tsaya, yaran za su ci daga gadonsu, amma bashin da kotu ta riga ta yanka ki gabatar da shi ga masu rabon gado, tunda ana fitar da bashi kafin a raba.

Adadin da aka yanka ba dawwamamme ba ne. Wadda aka yanka wa kuɗi kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta san abin da ya rage na darajarsa a kasuwa, haka yaron da yake firamare a wancan lokacin, yanzu yana sakandare. Kina da damar komawa kotun da ta yi hukuncin ki nemi ƙari, ki kawo sabon lissafi da hujjar cewa samunsa ya ƙaru, shi ma yana da damar neman ragi idan ya rasa aiki. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara, yawanci cikin kwana 30, zuwa Babbar Kotun Shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan al'amuran iyali na Musulmi. Idan shi ne ya ɗaukaka, hakan kaɗai ba ya dakatar da biya sai ya nemi umarnin dakatarwa an ba shi, saboda haka ki ci gaba da rubuta kowane watan da ya wuce a littafinki, ki kuma halarci kowane zama ko ki tura wakilinki.